Ruwan da Huwaila Ta Kurɓa a Badagiri

Ku matso kusa, ku rage murya. Kada wadda ta ce mini ta zo mu ji ta, wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin Huwaila ne, ta layin bayan masallaci, wadda ke muku kitso.

Ranar da ta fara ganinsa ruwa ake yi a Agege, nan cikin Legas. Tana tsallaka layin dogo silifas ɗinta ya tsinke, ta tsaya da ƙafa ɗaya cikin caɓi kamar ta yi kuka. Wani saurayi mai sayar da tumatir ya taso daga rumfarsa, ya zare waya daga bakin kwando, ya ɗaure mata. Ko ɗaga kai bai yi ya kalle ta ba. Ya ajiye takalmin a gabanta ya ce, "Taka mu gani."

Ta taka. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure.

Sunansa Ɗayyabu, amma ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Kun san kunyar matanmu. In suna wasa, "Mai tumatir" take ce masa. A gaban mutane kuwa "shi" ne kawai. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan miji, sai 'yar rakiyarta ta amsa. Shi kuma yakan tsokane ta, ya ce wata rana sai ya laɓe bayan ƙofa ya ji ko tana faɗa in ba kowa.

A Legas aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin teku ba. Da ya ji haka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ya dawo daga Arewa da lodin tumatir zai kai ta da kansa. Bai dawo ba. Motar ta kife da su a hanya, can aka binne shi. Ko kabarinsa ba ta gani ba. Aurensu wata bakwai.

Ta yi takaba ta fita, amma ba ta dawo daidai ba. Abinci sai an matsa mata. In mai tumatir ya wuce yana talla sai ta shige ɗaki ta toshe kunne. Ta taɓa gaya wa malamar Islamiyyarsu, Malama Baraka, cewa da ana sayar da mantuwa a kasuwa da ita ce farkon layi.

Shi ya sa da matan Islamiyyar suka ɗauki mota za su yini a Badagiri, tsohon garin nan na bakin teku inda Turawa suka yi cinikin bayi, Malama ta ce ko da ɗauka ne sai an tafi da Huwaila.

Sun isa da hantsi. Aka zagaya da su tsofaffin gine-ginen Turawa masu bene na katako da kwanon da ya yi tsatsa. Aka nuna musu sarƙoƙi, da marin da ake sa wa bayi a ƙafa. Matan suna ɗagawa suna salati, wasu na ɗaukar hoto. Sannan suka shiga kwalekwale suka haye ruwa zuwa inda hanyar rairayi ta miƙe cikin itatuwan kwakwa har bakin teku. Ta nan ake wucewa da bayi zuwa jirgi.

A tsakiyar hanyar akwai wata tsohuwar rijiya, a rufe. Mai yi musu jagora ya ce a nan ake shayar da bayin, wai wanda ya sha sai ya manta gida, ya manta kowa nasa. Matan suka ce a'uzu billahi, suka yi gaba.

Huwaila ta tsaya. Wai tana kakkaɓe rairayi daga takalmi.

Rana ta take tsaka. Kun san ba a son wannan lokacin. Muryoyin matan suka yi nisa. Iska ta ɗauke. Ganyen kwakwa ko motsi.

Sai ta ji sallama a bayanta.

Ta amsa tun kafin ta waiga. Wa zai ji Hausa a baƙon wuri ya yi shiru?

Wata tsohuwa ce zaune a gefen rijiyar. Baƙin saƙi ta ɗaura a ƙirji, irin wanda ba a gani sai a adakar kakanni. Tsagar fuskarta ba ta kowane gari da Huwaila ta sani ba ce. A hannunta ƙoƙo, cike da ruwa. Murfin rijiyar kuwa yana nan yadda yake.

"Ɗiyata, kin sha rana," in ji tsohuwar. "Karɓi."

Muryar ba daga bakinta take fitowa ba. Daga ƙasa take tasowa, kamar mai magana cikin randa.

Huwaila ta ji tsigar jikinta ta tashi. Amma an koya mata ba a mayar da ruwan babba. Ta tsuguna, ta sa hannu biyu ta karɓa. Ruwan sanyi ƙalau, a cikin wannan rana.

Tsohuwar ta ce ta ga nauyin da ke ƙirjinta tun daga nesa. Ta ce kurɓa uku ne kawai. Ta farko ta ɗauke murya, ta biyu ta ɗauke fuska, ta uku ta ɗauke suna. Daga nan sai barci mai daɗi.

Barci mai daɗi. Rabon Huwaila da shi wata shida.

Ba ta yi bisimilla ba. Ta kai baki, ta kurɓa sau ɗaya.

Da ta sunkuyar da kai don ta biyu, idonta ya sauka kan ƙafafun tsohuwar. Jiƙe suke, ruwa na ɗiga daga yatsun, rairayin ƙarƙashinsu kuwa a bushe. Kowane idon sawu da farin zobe na tabo, daidai faɗin marin da ta ɗaga ɗazu. Ta duba hanya. Sawunta kaɗai ne.

Huwaila ta janye ƙoƙon daga bakinta. Ta ce, "Iya, ke kin sha?"

"Na sha. Har uku."

"Wa kika manta?"

"Ban sani ba."

"To me kike yi a nan?"

Tsohuwar ta juya ta kalli hanyar da ta fito daga Arewa. "Jira nake," ta ce. "Akwai wanda zai biyo ni. In ya zo ba zan gane shi ba. Amma ina jira."

Nan Huwaila ta gane. Ruwan ba ya ɗauke ciwon. Mutumin yake ɗaukewa, ya bar maka ciwon.

Ta nemi Ɗayyabu a cikin ranta da sauri. Ga layin dogo. Ga caɓi. Ga shi tsugune da waya a hannu. Bakinsa ya motsa, taka mu gani, amma ba sauti. Ta sake nema. Shiru. Kalmomin suna nan, muryar ta tafi.

"Saura biyu," in ji tsohuwar. Ta matso ba tare da ta tashi ba. Yatsunta masu sanyi suka tallafi gindin ƙoƙon suna turawa sama.

Huwaila ta so karanta addu'a, harshe ya yi nauyi. Abu ɗaya ne ya zo bakinta, abin da ta shekara biyu tana haɗiyewa.

"Ɗayyabu," ta ce.

Ƙoƙon ya tsage biyu. Ruwan ya zube, rairayi bai jiƙe ba.

Tsohuwar ba ta yi fushi ba. Da ta yi fushi da ya fi sauƙi. Hannu kawai ta miƙo kamar mai bara. "Kina da suna," ta ce. "Ara mini shi, ɗiyata. Ni ba ni da kowa."

Huwaila ta girgiza kai, hawaye na zuba. Ta tashi ta zura da gudu, ba waiwaye, tana maimaita sunan a kowane taki kamar mai tsoron ya faɗi a hanya.

Malama Baraka ce ta tare ta, ta riƙe ta tana tofa mata addu'a. Da aka koma neman takalminta, an same shi a bakin rijiya, ƙafa ɗaya. Ba tsohuwa, ba ƙoƙo.

Don haka ku ji ni da kyau. In an kai ku Badagiri, ku riƙe hannun juna a hanyar nan. Kada wadda ta tsaya ita kaɗai, balle da tsakar rana. In kun ji sallama a bayanku, ku duba ƙafa kafin ku amsa.

Muryar ba ta dawo ba har yau. Ta sa an kunna mata saƙonsa na ƙarshe a waya, ta saurara har ya ƙare, ta ce ita dai ta ji wani baƙo yana magana.

Amma ban ƙarasa muku ranar ba. Da ta dawo hayyacinta matan suka ce a juya gida. Ta ce a'a, ba ta ga abin da ta zo gani ba. Ta taka, ƙafa ɗaya ba takalmi, har inda rairayi ya ƙare. Ga teku, ba iyaka, yana ta zuwa yana komawa. Ta tsaya ruwan ya shafi yatsunta. Mata ashirin a bayanta, duk suna ji, ba ta ji kunyar kowa ba.

"Ɗayyabu, na ga teku," ta ce. "Na yi maka ɓarna, na zubar da muryarka. Sunanka kam ba zan zubar ba. Kullum sai na kira shi a fili, har ranar da za ka amsa in gane ka."