Kujera Mai Kallon Baya

Kwana uku takardar tana kan teburin falo, Amarya ta danne ta da rimot kada fanka ta ɗauke. Abubuwa goma sha ɗaya ofishin kula da yara ya ce sai an cika kafin a ba mutum riƙon yaro, kuma ta gama da goma. Ta kulle magunguna a durowar sama, ta toshe kowace soket, mijinta ya kafa ɗan ƙyaure a bakin kicin har ya buge yatsa da guduma. Saura kujerar yaro ta mota, wadda dole a same ta a ɗaure daram ranar Alhamis in jami'a ta zo duba gida. A ƙasan takardar akwai wani layi da Amarya take tsallakewa da ido kullum, wanda ya ce duk wani babba da ke zaune a gidan sai ya faɗa da bakinsa cewa ya amince.

Ban da su biyu, babba ɗaya ne a gidan, wato Inna, mahaifiyar mijin.

Shekara tara da aure, har yau Amarya ake ce mata. Ƙawayenta duk sun koma Maman wane da Maman wance, ita kuwa sunan ya ƙi barinta. Tun yana mata daɗi har ya koma sukarta yake yi. Asibiti kuwa sun je har masu gadi sun haddace lambar motarsu. Mijin nata mai gyaran firiji ne, kowa Auta yake ce masa, daga yayyensa har masu kawo masa gyara. Inna ce kaɗai ba ta taɓa kiransa da sunan ba, sai dai ta ce "kai", in ranta ya yi fari ta ce "ɗan nan". Yana son matarsa so na gaske, amma da Inna ta ɗaga murya sai ya kasa musa mata.

Ranar Asabar suka je shagon kayan jarirai. Mai shagon mace ce mai fara'a da yawan surutu, ta tare su tun daga ƙofa.

"Wata nawa ne yaron? Kilonsa nawa?"

Amarya ta kalli Auta, Auta ya kalli silin. Tambayar da kowace uwa za ta amsa ko daga barci aka tashe ta, ita ba ta da amsarta. Da ƙyar ya yi bayani cewa riƙo za su yi, kuma ofis bai faɗa musu wa za a kawo ba, zai iya zama jinjirin kwana bakwai, zai iya zama ɗan shekara uku mai gudu.

Matar ta rage murya, ta sauko musu da kujeru uku. Ta farko kamar kwando take, ta jinjiri ce, wata goma sha biyar an gama da ita. Ta biyu ta yaron da ya yi wayo ce, ba ta da bel nata sai na mota. Ta uku kuwa mai nauyi ce, tana ɗaukar yaro tun daga haihuwa har shekara huɗu. Ta nuna musu igiyoyinta biyar da ke haɗuwa a ƙulli ɗaya, ta ce a ja har sai an kasa tsunkular igiyar da yatsa biyu a kan kafaɗa. Ta ce baya za ta kalla har yaro ya wuce shekara biyu, don wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗauki fizgar birki ba. Auta ya ce wani abokinsa yana da tsohuwa a sito, ko za ta yi? Matar ta girgiza kai, ta ce jami'a ba za ta karɓi kujerar da ba a san tarihinta ba, wataƙila an taɓa haɗari da ita, ta tsage ta ciki inda ido ba ya gani.

Suka ɗauki ta ukun. Amarya ta haɗa da wani ƙaton tedi, irin 'yar tsanar wasan yara, mai lanƙwasasshen kunne don ta koyi ɗaurin a kansa. Auta ya yi awa guda a ƙofar gida yana gumi har ƙarafan kujerar suka kama, ya jijjiga ta da ƙarfinsa ba ta motsa ba. Amarya ta ɗaure tedin, ta tsaya tana kallonsa, rabonta da irin wannan murmushin an daɗe.

Inna tana baranda, duk abin nan a kan idonta. Ta sauko a hankali, ta leƙa motar. A gefen da take zama kullum aka kafa kujerar.

"Wannan kuma fa?"

Auta ya shiga bayani yana haɗawa da dariyar da ba ta kai ciki ba. Don ya burge ta, har ya kawo zancen tsohuwar kujerar da aka ce ba za a karɓa ba. Ai kuwa kamar ya miƙa mata sanda.

"To madalla. Kujerar da ba a san tarihinta ba an ƙi ta, amma yaron da ba a san asalinsa ba shi za ku kwaso min gida." Ta nuna tedin da baki. "Kuma riƙo kuka ce za ku yi ko ɗauri? Riƙo da hannu ake yi. Ku ɗaure ɗan mutane kamar kaya, ku juya masa fuska baya kamar mai laifi, ku ce so ne?"

Amarya ta durƙusa ta ce, "Inna, don kariyarsa ne, hannu ba ya iya..."

"Ni za ki koya wa hannu?" Muryar Inna ta yi wata irin rawa da Amarya ba ta taɓa ji ba. Ta ce ko a cire abin nan daga motar ko ita ta bar shiga, kuma in matar ofis ta zo ta tambaye ta, ba za ta yi ƙarya da furfurarta ba.

Abin ya ɗaure wa Amarya kai. Innar da ke cewa riƙo sai da hannu ita ce take goya jikoki har bayanta ya ƙage, amma da an zo bakin mota sai ta miƙa wa uwa ɗanta ta ce hannunta na ciwo. Amarya ta ga haka ya fi a ƙirga, sai dai ba ta da bakin faɗa.

Ranar Lahadi yayar Auta ta kira shi a waya ta wanke shi tas, ta ce mace ta sa zai kori uwarsa daga mota saboda 'yar tsana. Ranar Litinin Inna ta mayar da abincin rana ba ta taɓa ba. Amarya ta yi gaisuwa, ta yi wanki, ta kai ruwan zafi, ba ta samu ko kallo ba. Ba wanda za ta kai wa ƙara. Mahaifiyarta haƙuri za ta ce, ofis kuwa ba ruwansa da hawaye, fom kawai ya sani.

Ranar Talata da la'asar Auta ya dawo da wuri, ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota. Ya ce ko su kira jami'a a ɗage zuwan, in Inna ta huce sai a sake. Amarya ta tuna masa cewa shekara biyu suka yi a layi, kuma an faɗa musu in gida bai shirya ba rufe fayil ake yi.

"Ban taɓa cewa ka zaɓa tsakanina da Inna ba, kuma yau ma ba zan ce ba," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. "Amma ka faɗa min abin da zan yi, don wallahi dabarata ta ƙare."

Ya riƙe hannunta. Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Daga ƙarshe ya ce gobe Inna tana da ganin likitan hawan jini, dole ya cire kujerar ko na yini ɗaya ne. Amarya ta gyaɗa kai, duk da ta san in kujerar ta fita ba za ta koma ba.

Da safe ya fita cirewa, ƙarafan suka ce ba su san zancen ba. Mutumin da ke kwance injin firiji ido a rufe ya yi ta fama, ya danna nan ya ja can, har rigarsa ta jiƙe. Lokacin asibiti yana wucewa. Inna ta ja tsaki, ta zagaya ta shiga ɗaya gefen, ta rungume jakarta da fulas ɗin shayinta a ƙirji, ta kau da kai daga tedin. Amarya ta shiga gaba, suka kama hanya.

Sun kusa shatale-tale wani mai babur ya faɗo musu ba ko waiwaye. Auta ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Tayoyi suka yi ƙara, fulas ɗin ya fizge daga hannun Inna, ya wuce ta tsakanin kujerun gaba, ya daki gilashi ya tarwatse. Mai babur ya yi gaba abinsa. Auta ya gangara gefen titi, yana tambaya ko wani ya ji ciwo.

Hannayen Inna biyu suna nan a naɗe a ƙirji kamar har yanzu akwai abu a ciki. Ta kalle su, sannan ta juya ta kalli tedin, yana nan inda yake, ko kunnensa bai gyaru ba. Sai ta fashe da wani kuka mai cin rai, irin wanda Auta bai ji ta yi ba ko ranar rasuwar mahaifinsa.

"Haka ta fita," in ji ta. "Wallahi na riƙe ta. Da hannu biyu na riƙe ta."

Amarya ta zagayo ta durƙusa a bakin ƙofa. Cikin shessheƙa Inna ta faɗi abin da ta binne shekara talatin da shida. Auta yana da shekara biyu ta haifi mace. Watanta biyar suka shiga motar haya, tana kan cinyarta, direba ya taka birki kamar na yau, jaririyar ta fizge daga hannunta, nan take ta rasu. Yayyensa ƙanana ne a lokacin, aka ce musu zazzaɓi ne, mahaifinsu kuma ya hana a sake tayar da zancen don kada ta zauce.

"Kai ba auta ba ne," ta ce masa. "Shi ya sa bakina ya kasa faɗa. Tun da kuka kafa abin nan, duk na kalle shi sai in ji kamar yana ce min da kin sa ta a nan da tana raye. Ba yaron nake ƙi ba. Tsoro nake a sake ba ni amanar ɗan wani, ni da na kasa riƙe tawa."

Auta ya kifa kai a sitiyari yana kuka. Amarya ta kama hannayen nan biyu da suka tsufa, ta ce mai shago ta faɗa musu ko ƙato majiyi ƙarfi ba zai iya riƙe jariri a irin wannan birkin ba, ba laifin hannun kowa ba ne, kuma a wancan lokacin ina aka san wata kujera? Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannu ta kama igiyar kafaɗar tedin, ta fizga da iya ƙarfinta, ta sake fizga. Ta ce, "Nuna min yadda ake ɗaurawa."

Ranar Alhamis jami'a ta zo da fayil a hammata. Ta buɗe durowa, ta taɓa soket, ta jijjiga kujerar mota ta rubuta wani abu. Sannan ta zauna gaban Inna ta ce, "Mama, kin amince a kawo yaro gidan nan?" Inna ta ce ta amince amma da sharaɗi ɗaya, tunda yaron baya zai riƙa kallo, kada ya ga ba kowa ya tsorata, don haka wurin da ke gefensa nata ne, ba ta ba kowa aro.

Bayan sati shida aka kira su. Yarinya ce 'yar wata bakwai, mahaifiyarta tana kwance a asibiti. Jami'a ta gaya musu gaskiya, riƙo ne, wata rana za a iya zuwa a karɓe ta. Amarya ta ce ta ji, ko na kwana nawa ne tana so. Ta daɗe da gane cewa da ta biye wa zafin zuciya ta mayar wa Inna magana a makon nan, da ta rasa yarinyar ta kuma rasa Innar. Sau da yawa wanda ya tare maka hanya da faɗa wani ciwo yake ɓoyewa, kuma haƙuri ne kawai yake ba shi lokacin da zai nuna maka inda yake masa zafi.

A harabar ofishin Inna ce ta karɓi yarinyar ta kwantar a kujera. Ta haɗa igiyoyin biyar, ta ja, ta gwada tsunkula da yatsa biyu igiyar ta ƙi kamuwa, sannan ta zauna a gefe ta ba ta ɗan yatsa ta riƙe. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Ke Mamanta, miƙo min mayafinta, iska na shigowa."

Amarya ta waiwaya tana neman wadda ake kira. Sai da Auta ya taɓa kafaɗarta yana dariya da hawaye sannan ta gane da ita ake.