Ƙwai da Burodi a Ƙarshe

Masu cewa Renita Tolliver ce ta fara kula Cornell ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya ce. Ranar Asabar ɗin nan ko kai ba ta ɗaga ba. Tana zaune a kan na'urarta ta karɓar kuɗi a kantin araha na unguwar, a garin Toledo, layi ya kai har wurin firji, hannuwanta na gudu kamar ba nata ba.

Kowa ya san tsarin wurin. Ba a cika jaka a gaban mai karɓar kuɗi. Ta zuba maka kayanka a keken sayayya, ka biya, ka tura can dogon teburin jikin taga ka shirya abinka a tsanake.

Sai ga Cornell Whitfield da mahaifiyarsa, sababbin zuwa daga jihar Alabama, inda aka saba a zuba wa mutum kaya a kai masa har mota. Ƙwai da burodi suka fara ɗorawa a bel mai jan kaya zuwa gabanta, gwangwanaye da buhun dankali a baya. Shi kuma ya buɗe jaka a gabanta yana jera kaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai haɗa lefe.

"Yallaɓai, can ake yi," ta nuna masa da haɓa.

Ya dube ta, ya manta abin da ke hannunsa. Buhun dankali ya sauka a kan ƙwai.

Shi ya fasa, kowa ya gani. Amma Misis Whitfield ta ɗaga murya a kira manaja, ta ce yarinyar nan jifa take da kayan mutane, ba ta da tarbiyya. Wanda ya zo kuwa Dwight ne, mataimakin manaja, wanda ya daɗe yana neman Renita tana ƙin sa. Bai tambayi kowa ba ya rubuta mata gargaɗi, ƙarin girman da take jira ya tsaya cak.

Mako na gaba Cornell ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya je wurin Dwight ya faɗi gaskiya, an ce masa wadda ta kai ƙara ita kaɗai za ta janye. Ya ba ta haƙuri, ya roƙi ta koya masa don kada ya sake jawo wa wata.

"Masu nauyi gaba, masu sanyi wuri ɗaya, ƙwai da burodi a ƙarshe," ta ce tana aikinta. "Katinka a hannu tun kana layi. Kuma kayanka za ka kalla, ba ni ba."

"Sauran duk zan iya. Na ƙarshen ne da wuya."

Ba ta yi dariya ba sai da ya fita.

Makanikin bas-bas ne na gari, mutum mai sanyin magana. Tun daga nan ko gishiri ne ya ƙare masa sai ya bi layinta, ko da na kusa babu kowa. Da ta tashi aiki saƙonsa na jiranta.

"Zumata, kin ga dabarata ta yau? Kwandon wanki biyu a cikin keke, kaya suka faɗa ciki, na ɗauka sai mota. Ki yaba mini ko kaɗan."

"Na gani. Matar da ke bayanka ta tambaye ni ko kana da aure. Na ce mata layi yana jira."

"Da kin ce mata saura ƙiris."

Da magana ta yi nisa ya sa kwat ya je gaban mahaifiyarta, Mis Odessa, wadda ta raini Renita ita kaɗai da aikin goge-goge a asibiti. Ta zuba masa kaza da burodin masara, ta bari ya ƙoshi, sannan ta ce a'a.

"Ba ni da matsala da kai, ɗana. An ce 'yata ba ta da tarbiyya, ni kuwa na yi tarbiyyar, to ni aka zaga. A gaban mutane aka faɗa, a gaban mutane za a janye. In ba haka ba, ba za ta shiga gidan da ake mata wannan kallon ba."

Ya ce mahaifiyarsa za ta iya kira a waya. Ta ce ai ba a waya aka yi zagin ba. Renita ta yi kuka a ɗaki, amma ta gaya masa ba za ta tsallake uwarta ba. Can gidan su Cornell kuma Misis Whitfield ta ce a shekarunta ba za ta je ta tsaya a kanti tana ba yarinya haƙuri ba.

Sai Cornell ya ɗauke ƙafa. Asabar ta zo ta wuce babu shi. Dwight ya zo yana murmushin nan nasa, ya ce ana ganin mutumin nata a reshen kantin da ke ƙetaren kogi, shi da wata, har yana tura mata keke. Renita ta ƙarasa aikinta, a mota ta rubuta masa.

"An ce ka canza kanti. Allah ya ba da sa'a."

"Ban canza komai ba, Nita tawa. Ki ba ni zuwa Asabar."



Asabar da hantsi, kanti a cike, ta hango mahaifiyarta tsaye a teburin taga da hular zuwa coci, hannu a ƙugu. Cornell ne ya kira Mis Odessa. Da Renita ta juyo kan bel sai ta ga kaya a jere yadda ya kamata, gwangwanaye gaba, ƙwai can baya. Mai su kuwa Misis Whitfield ce, kati a hannu, Cornell na bayanta. Ashe ita ce matar ƙetaren kogin. Can ya riƙa kai ta tana ganin yadda ake yi, tana kuma ganin abin da mai karɓar kuɗi ke sha daga safe zuwa yamma.

Da Misis Whitfield ta biya sai ta ce a kira babbar manaja, a kira Dwight ma.

"Ɗana ne ya fasa ƙwan nan, na gani da idona," ta ce. "Kunya na ji muna tare layi kamar 'yan ƙauye, na huce a kan yarinyar nan. Na janye abin da na faɗa."

"Na baya ba su ji ba," in ji Mis Odessa.

Cornell ya sunkuyar da kai. Misis Whitfield ta gyara jakarta, ta juya ta fuskanci layi, ta maimaita da ƙarfi har da ƙari, ta ce yarinyar nan an raine ta da kyau. Manaja ta ce a cire gargaɗin yau ɗin nan, Dwight ya rasa inda zai sa idonsa.

Renita ta ji hawaye na zuwa, amma mutane na jira da kaya.

"Na gode, Mama," ta ce wa Misis Whitfield. "Can teburin, mahaifiyata za ta taya ki."

Ta jawo kayan na gaba.

Da sanyi ya wuce aka ɗaura auren a cocinsu, ita tana sabuwar shugabar masu karɓar kuɗi. Da Fasto ya tambayi wa ke ba da amarya, Mis Odessa ta miƙe ba ta jira an taimaka mata ba. Ta kama hannun 'yarta ta sa a na Cornell.

"Ga ta nan, da sunanta a wanke na ba ka. Ka riƙe mini shi haka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana."

Misis Whitfield ce ta riga kowa cewa amin.