Sawun Taya a Kwanar Gude

Da hantsin Litinin aka shigo da Sagiru caji ofis na Gwarzo, riga a yage, leɓe a fashe. Alhaji Datti, dillalin hatsi, shi ne a gaba. Ɗansa Lukuman na riƙe da wuyan rigar mutumin.

"Sufeto, ga ɓarawo na kawo maka," in ji Alhaji. "Direbana ne. Ya kwance sababbin tayoyi huɗu daga a-kori-kurata, har da rim. A kai shi gaban alƙali a yanke masa hannu!"

A shekarar aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya buɗe baki sai maganar haddi. Sufeto Ja'afaru Dabo ya dubi leɓen Sagiru, ransa ya ɓaci.

"Wa ya dake shi?"

"Jama'a," in ji Lukuman.

"Sake masa riga. Nan ba zauren gidanku ba ne."

Ya shiga da Sagiru ciki, ya sa aka ba shi ruwa.

"Ina tayoyin?"

"Yallaɓai, wallahi rabona da motar nan tun Alhamis. Da hannuna na mayar wa Alhaji makulli."

"Korar ka aka yi?"

"Ni na ce ba zan tuƙa ba. Lukuman ya je Kano ya sayo manyan tayoyi irin na jif, wai motar ta yi tsayi ta ratsa yashin Getso. Na ce masa kowace mota da girman tayarta, in ma zai ƙara, ya ɗauki wanda ya ɗara nata kaɗan. Ya ce ni ba uban motar ba ne. Da aka ɗaura, in ka sha kwana sai taya ta ci madigadi, sitiyari ya ƙi dawowa. Birki ma sai ka taka da ƙarfi. Ina da iyali, yallaɓai."

Sufeto ya hau babur ɗinsa ya bi su Alhaji gida.

Farar motar na tsakar gareji a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Ya zaga ta, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin madigadin gaba. Ƙarfen ya goge har yana ƙyalli. Ya sa yatsa ya lakato jan taɓo, da sauran danshinsa.

"Yaushe motar nan ta fita na ƙarshe?"

"Tun Alhamis ba ta motsa ba," in ji Lukuman da sauri.

"Yaushe aka yi ruwa?"

Kowa ya san sama da mako ba a samu ruwa ba sai jiya Lahadi da azahar.

"To shi ya fita da ita," in ji Alhaji. "Ƙila ya yanko wani makulli."

Sufeto ya koma gaban motar, wani tsami ya bugi hancinsa. A jikin ragar lagireto ya ga farin abu ya bushe, ƙudaje na bi. Ya shinshina. Nono ne.

"Kada wanda ya taɓa motar nan," ya ce. Ya sa aka kira kofur ya tsare ƙofa.

Ya tuna da saƙon da aka aiko daga Kabo da safe, cewa wata mota ta kaɗe mace ta gudu. Ya juya kan babur.

A Kabo, Saje Bappa ya kai shi wurin, wata kwana a hanyar Gude. Matar sunanta Hajjo, mai tallan nono. An yi jana'izarta da safe. Fasasshiyar ƙwaryarta na nan a gefen hanya.

Sawun motar ya kwanta a taɓo, faɗinsa ya fi na kowace a-kori-kura da Sufeto ya sani. Abin da ya fi tsaya masa a rai, sawun ya fara shan kwana, sannan ya zarce kai tsaye zuwa gefen da masu ƙafa ke bi. Ya karya kara daidai faɗin sawun ya sa a aljihu.

'Yar marigayiyar, Uwaliya, ta zo goye da jariri. Idanunta sun kumbura, amma ba kuka take yi ba.

"Ina bayanta, na tsaya gyara goyo," ta ce. "Farar mota ce, doguwa. Direban ya tsaya, ya leƙo ta taga. Inna tana motsi, wallahi tana motsi! Sai ya ja baya ya tafi."

"Za ki gane shi?"

"Ko a lahira."

Sufeto ya dubi hanyar. Daga nan zuwa asibiti ba wata tafiya ba ce.

Da la'asar ya koma gidan Alhaji Datti da mai unguwa da 'yan sanda biyu. Sagiru na biye da su.

"Buɗe mana siton hatsi, Alhaji."

"Ni za a bincika? Ni aka yi wa sata!"

"Taya huɗu da rim ba a fita da su a aljihu. Maƙwabtanka ba wanda ya ga an fitar da komai. Buɗe, ko na sa a ɓalle."

Aka buɗe. Aka janye buhunan dawa na layin baya. Ga tayoyin nan a jere, an rufa musu tabarma. An wanke su, amma gefen ta gaba ya zaftare inda ƙarfe ya ci ta. Sufeto ya fito da karan ya ɗora. Ya zauna cif.

Ya juya ga Lukuman.

"Tana da rai lokacin da ka leƙo?"

"Ban san me kake..."

"'Yarta ta ga fuskarka. In aika a kawo ta?"

Lukuman ya jingina da buhu, ya sulale ƙasa.

"Sitiyarin ne ya ƙi," ya ce. "Na murza, na murza, ya maƙale. Na taka birki ba ta tsaya ba. Tsoro na ji. Duk yankin nan ba mai irin tayoyin sai ni."

"Sai ka ce an sace su."

"Ba ni na ce ba." Ya ɗaga ido ya dubi mahaifinsa. "Baba ne ya ce mu kwance. Ya ce in an kama Sagiru da satar, in ma an bi sawun, za a ce shi ya fita da motar."

"Rufe mini baki!" Alhaji ya daka tsawa. Sai ya sassauta murya. "Sufeto, kai ma uba ne. Ɗana ke nan namiji guda. Ba zan bari a yanke hannun Sagiru ba, da na janye ƙarar daga baya."

"Shekara nawa ina tuƙa ka, Alhaji?" in ji Sagiru. "Ni na kai Hajiya asibiti haihuwar yaron nan."

Alhaji bai dube shi ba.

"Kofur, ankwa," in ji Sufeto. "Su biyun."

Da aka fito ƙofar gida, mutane sun fara taruwa. Alhaji ya ja baya.

"Don Allah a kira mota. Kada a bi da ni ta kasuwa."

"Ba mota," in ji Sufeto. "Ku taka."

Aka tasa su gaba, kofur na gara tayar da ta zaftare a bayansu. Suka ratsa layin 'yan hatsi, inda Alhaji ke da rumfa. Masu awo suka ajiye kwanuka suka miƙe tsaye. Ba wanda ya gaishe shi.