Hoton Ƙofar Malam Abarshi

Ranar da Naziru ya fara ganin Jannatu, ta cikin kyamara ya gan ta, kuma faɗa ta fara yi masa kafin gaisuwa.

Malamin aji huɗu ne a wata firamare da ke cikin Birnin Gwari, amma rabonsa da riƙe alli an fi wata biyar. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan bayan Kazage, jama'a suka kwararo gari, aka zuba su a azuzuwa, ana raba aji ɗaya gida uku da labulen buhu. Malamai sai su zo su sa hannu, su zauna gindin dogonyaro. Shi Naziru zama ba ya karɓarsa, don haka kullum yana rataye da wata tsohuwar kyamara da ya sayo ta hannu a Kaduna, yana ɗaukar kaji da bokitai da duk abin da ya tsaya masa.

Ta fito daga ajinsa da faifai a hannu, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarta. Bai yi shawara da kowa ba, ya danna.

"Malam, wa ya ce ka ɗauke ni?"

"Ki yi haƙuri, hannuna ne ya riga ni."

"To hannun naka ya goge."

Ya juyo mata da bayan kyamarar don ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ba fuskata ce ta dame ni ba. Dubi bayana. Ga buhu, ga tabarmi, ga allo. Duk wanda ya gani ya san a aji nake kwana."

Kunya ta rufe shi. A gabanta ya goge hoton, amma fuskar ta ƙi goguwa daga ransa.

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai shagon abokinsa Timothy, mai wankin hoto a bakin kasuwa. Timothy ya saurare shi yana murmushi irin na wanda ya gane inda aka dosa.

"Gilashin da ya zo da kyamararka na kowa da kowa ne. Ƙofar haskensa ƙarama ce, shi ya sa komai ke fitowa, har abin da ba ka so. Ka nemi gilashin da ake kira ɗan hamsin. Ka buɗe ƙofarsa duka, ka sa saiti a kan idonta, bayan zai narke da kansa."

"Wa ya ce maka mace ce?"

"Ban taɓa ganin ka damu da bayan kaza ba."

Bayan sati uku ɗan hamsin ya iso a motar Kaduna, ɗan guntun gilashi da bai kai kofin shayi ba. Wannan karon sai da Naziru ya nemi izini. Ta tsaya a daidai wurin nan, ya danna, ya miƙa mata. Fuskarta ta fito tar, buhun da allon duk sun zama wani launi mai laushi da ba ya nuna komai.

"Ina ajin ya tafi?"

"Yana nan. Kyamarar ce na hana ta gani."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Maƙwabciyarsu ta labule ta ce rabon da a ji dariyar Jannatu tun suna ƙauye.

Sabis ɗin waya a garin sai ya ga dama, saƙon safe yakan isa da la'asar, amma hakan bai hana su ba.

"'Yar aji huɗu, yau ma kin makara. Na ga ba ki share min allo ba."

"Malamina, lissafin da ka bari a allon ban goge ba, kuma ba zan goge ba. Idan na rasa abin kallo shi nake kallo. Rubutunka dai sai a hankali."

"Janna, ki ba ni izini in turo kawuna."

"Ka turo. Amma ka zo da haƙuri mai yawa, ka san Baba."

Bai san Baba ba, sai daga baya ya sani. Malam Abarshi dogon manomi ne mara yawan magana, daga Unguwar Nababa can gaba da Kazage. Ranar da suka gudu, kowa na neman ransa, shi sai da ya tsaya ya rufe ƙyauren gidansa da kwaɗo. Makullin na rataye a wuyansa da zare, ko wanka zai yi ba ya cirewa. Da Kawu Hammadu ya je neman aure, tsohon ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa tabarma a barandar aji.

"Ban ƙi yaron ba, Hammadu. Amma uwarta tana jinyar ajali na yi mata alkawari daga ƙofar gidanmu za a ɗauki Jannatu. Ba zan aurar da 'yata daga aji ba. Idan mun koma, ku zo."

Kawu Hammadu ya dawo ya ce wa Naziru, "Da ƙi ya yi da ya fi sauƙi." Gaskiya ya faɗa, don duk garin babu wanda ya san ranar komawa, babu ma mai tambaya. Damina ta wuce, wata ta shigo. Waɗanda suka yi ƙarfin halin leƙa gonakinsu, wasu sun dawo, wasu har yau shiru.

Mutum ɗaya ne jiran ya yi wa daɗi, Haruna, ɗan ƙauyen su Jannatu da ya shiga cikin 'yan sintiri. Ya daɗe yana son Jannatu, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Kullum sai ya biyo da goro ya zauna gefen tsohon.

"Baba, gidanka na nan lafiya. Yaranmu sun hango rufin yana sheƙi. Ka dai daure, kada a yi maka gaggawa."

Tsohon sai ya shafa makullin, ya ce Alhamdulillahi.

Wata rana saƙo ya shigo wa Naziru da ya hana shi cin abinci.

"Malamina, na gaji. Baba duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya, ko rufin yana nan. Ina jin a ajin nan zan tsufa. Idan ka gaji da jira ka faɗa min, ba zan ga laifinka ba."

A nan ya yanke shawarar da mai hoto kaɗai zai yanke. Ya ce a ransa, idan tsohon ya ga gidansa da idonsa, ko a takarda ne, hankalinsa zai kwanta, ƙila ya sassauta. Ya tattara ɗan hamsin da tsohon gilashinsa ya ce Timothy ya musanya masa da dogo, ɗan ɗari uku, mai jawo nesa kusa.

Timothy bai yi murmushi ba wannan karon. "A garin nan za ka hau dutse da dogon gilashi kana leƙen daji? Ka san sunan da za a sa maka."

"Na sani."

"To tunda ba ka jin magana, ka je da sassafe kafin rana ta sa iska rawa. Ka ɗora shi a kan dutse, kada ka riƙe a hannu. Ka ƙara saurin ƙiftawar kyamarar sosai, in ba haka ba ko numfashinka sai ya ɓata hoton."

Ranar kasuwa ya bi ayarin motoci zuwa Kazage, ya kwana gidan wani tsohon abokin karatunsa na kwaleji. Gari na wayewa ya hau dutsen da ke bayan gari, ya kwanta rub da ciki, ya ɗora gilashin a kan hularsa. Ya bi kwatancen da Jannatu ta sha yi masa: rafi, sai tsamiya biyu, sai gidan da ke hannun dama. Ya murɗa saiti a hankali har abin ya fito.

Babu rufi. Bangaye sun yi baƙi sun zube, rumbu ya kife, ciyawa ta fi mutum tsawo a tsakar gida. Abu ɗaya ne a tsaye, ƙyauren ƙarfe da ginshiƙansa biyu, a rufe, babu komai a bayansa.

Ya danna sau uku. Hoton ya fito tsaf, bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba, kuma bai taɓa tsanar hoto kamarsa ba.

Da ya dawo sai ya ɗauke ƙafa daga makarantar. Ya san idan ya haɗa ido da ita za ta karanta a fuskarsa, idan kuma ya nuna wa tsohon, za a ce don ya sami mata ya karya zuciyar uba. Saƙonninta suka taru bai amsa ba.

"Malamina, lafiya?"

"An ce an gan ka a kasuwa. Ashe lafiyarka ƙalau."

"Na gane. Yau na goge allon. Allah ya haɗa ka da wadda ke da gida."

Ya karanta na ƙarshen ya fi sau ashirin, ya yi kuka kamar yaro, amma bai amsa ba.

A rana ta goma sha biyu 'yan sintiri suka tare shi a hanyar masallaci, Haruna a gaba. An gan shi a dutsen Kazage da dogon gilashi, in ji su, yana ɗaukar hanyoyi yana tura wa mutanen daji. Kafin a kai shi ƙofar mai unguwa, kalmar infoma ta riga shi isa, kuma a garin nan wanda aka liƙa wa kalmar ba kasafai yake kai gobe ba. Jama'a ta cika wurin. Malam Abarshi na zaune cikin dattawa, Jannatu na can baya cikin mata.

Mai unguwa ya ce, "Buɗe kyamarar kowa ya gani."

"Ranka ya daɗe, a duba. Amma ina roƙon kada a nuna wa Malam Abarshi."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Haruna ya ce, "Kun ji ko? Akwai abin da yake ɓoyewa."

Tsohon ya miƙa hannu. "Kawo nan, yaro."

Naziru ya durƙusa a gabansa, ya kunna. Malam Abarshi ya kawo kyamarar daf da idonsa.

"Wannan tsamiyarmu ce. Jawo min shi."

Ya jawo. Ƙyauren ya cika fuskar kyamarar, har ɗan baƙin ɗigon kwaɗon ana gani. Tsohon ya kai ɗaya hannun kan makullin wuyansa.

"Haruna, wannan ne rufin da ke sheƙi?"

Haruna ya sunkuyar da kai.

"Kai kuma yaushe ka ɗauka?"

"Kwanan wata na jiki, Baba. Yau kwana goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

"Na je ne in kawo maka abin farin ciki. Da na ga haka, ban so a ce daga bakina ka ji ba."

Malam Abarshi ya juya wajen mai unguwa. "Ranka ya daɗe, yaron nan ya yi wauta, amma bai ci amanar kowa ba. Gidana ya je dubo min. A sake shi." Ya miƙe da ƙyar, kamar a zaman nan ya ƙara shekara goma. Har ya juya, sai ya tsaya. "Ka sa a wanke min hoton, babba. Kuma ka ce wa Hammadu ina nemansa."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Malamina, ka yafe min. Amma kada ka ƙara ɓoye min baƙin ciki, ka riƙa raba shi biyu. Allon yana nan fes, ka zo ka sake rubutawa."

Ranar Juma'a ta biyu bayan haka aka ɗaura aure a filin makarantar, babu kiɗa, babu taro mai yawa, rabin dangin ma ba a san inda suka watsu ba. Tun da safe Malam Abarshi da kansa ya taka benci ya kafa hoton a saman ƙofar aji huɗu da ƙusa huɗu. Duk wanda ya gani ya gane.

Da aka fito da amarya, Timothy ya tsayar da su a bakin ƙofar zai ɗauka. Ya aro ɗan hamsin musamman saboda ita.

"Amarya, kada ki damu, zan narkar da bayan."

Jannatu ta ɗaga mayafi kaɗan. "A'a, Malam Timothy. Ka rage ƙofar hasken. Yau ina so bayana ya fito."

Ya rage, ya danna. Ango ya fito, amarya ta fito, labulen buhu ya fito, ga ƙyauren ƙarfe a samansu a rufe.

Malam Abarshi ya cire zaren daga wuyansa, karo na farko tun ranar gudu, ya sa makullin a tafin 'yarsa, ya naɗe yatsunta a kai.

"Na cika wa uwarki alkawari gwargwadon abin da aka bar min. Daga ƙofar gidanmu aka ɗauke ki." Ya dubi Naziru, idonsa ya kawo ruwa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya ta gari, ya ba ku gidan da ba za ku rufe shi da gudu ba."

Jama'a suka ce amin, Jannatu ta damƙe makullin, ta taka zuwa motar amarya.