Gyaran Kwallin Matar Rijiya

Ana dab da kiran magariba Bashiratu ta ɗauki robar wankin kayan aikinta ta zagaya bayan shago, kamar yadda ta saba yi shekara huɗu ke nan. Shagon nata yana cikin wani lungu a unguwar Aboabo, tsakanin tela da mai sayar da wagashi, wato cukun nono. Sana'arta gyaran ɓarnar wasu ce. Mace za ta je a zana mata kwallin dindindin da allura don ta huta da shafawa kullum, bayan shekara biyu ko uku tawadar ta malale a ƙarƙashin fata, ta yi shuɗi-shuɗi kamar an kai mata naushi. Sai a nufo Bashiratu da fuska a rufe. Ita kuma ta bi wurin da allura da ruwan gishiri, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi da tawadar.

Aiki ne mai ƙazanta, ba abin ɓoyewa ba ne. Abin da ke taruwa a robar nan ko kare ba zai shinshina sau biyu ba: auduga mai jini, gashin ido, ɓawon miki, kwantsa, duk suna iyo cikin baƙin ruwa. Kuma babu matar da za ta yarda a zuba nata a bola ko a kwata. Kowacce kafin ta tashi sai ta ja kunne: "Sista, jinina kar ya shiga hannun mutane fa." Tsoron asiri ke nan. To, Bashiratu ta samo dabara. Akwai tsohuwar rijiya a bayan shagon, an rufe ta da sumunti tun kafin a haife ta, amma murfin ya tsage a gefe. Ta nan take tuttulawa, ba bisimilla ba komai, don a ganinta rami rami ne.

Ran nan ma ta karkata robar ta juye. Kullum ruwan yana ɗan jimawa sannan ta ji facal a can ƙasa. Yau ba ta ji komai ba. Ta taɓe baki ta koma.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ta. Warin robarta ne sak, amma wanda ya shekara yana ruɓewa a wurin da iska ba ta shiga. Ta toshe hanci da gefen mayafi. A kan kujerar aiki ga wata mata zaune, ta lulluɓe har fuska da wani tsohon zane. Zanen a jiƙe yake, yana ɗiga a kan tayil.

"Mma, sannu da yamma. Na kulle shago, sai gobe."

"Gyara na zo, 'yar nan."

Muryar a hankali take. Hausarta kuwa ba irin ta 'yan unguwannin zango ba ce, irin ta fataken goro ce ta da, wadda yanzu sai a bakin tsofaffi ƙalilan. Bashiratu ta ji ɗanɗanon warin a harshenta.

"Wa ya yi miki aikin?"

"Ke."

"Ni? Mma, ban san ki ba koraa, ko kaɗan. Ni ba na sa tawada, cire shi nake yi."

"Kina cirewa, kina zuba mini."

Matar ta ɗaga zanen.

Bashiratu ta ga fuskoki iri-iri a sana'ar nan, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Baƙi ya malale daga idanun har haɓa, kauri a kan kauri. Dunƙule-dunƙulen auduga sun manne a kumatu, sun yi funfuna. Gashin idon mata ɗaruruwa ya kafe a goshi, wani dogo wani gajere. Inda ya kamata a ga ƙwayar ido, ɓawo ne ya toshe, yana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi. Cikin ɓawon akwai abin da ke motsi.

"Tsagar murfin rijiyar nan ita ce tagata," in ji matar. "Ta nan nake kallon sama. Shekara huɗu kina cika mini ido. Yanzu ba na gani."

Bashiratu ta juya za ta gudu. A nan ta lura gefen idonta na hagu ya yi duhu. Ta murza. Duhun ya ƙara matsowa, a hankali, daga waje zuwa ciki.

"Ko ki buɗe mini nawa, ko in ari naki."

Bashiratu ta zura safar hannu, ta jawo auduga.

"Ajiye. Auduga ta ishe ni, dubi nawa kika ba ni."

"To da mi, Mma? Don Allah, da mi?"

"Yaya iyayenku mata ke cire wa yaro tsakuwa a ido?"

Bashiratu ta sani. Duk wanda ya tashi a zango ya sani. Tsohuwa takan buɗe idon yaron da yatsu biyu, ta sa harshe ta lashe.

Idon Bashiratu na hagu ya rufe gaba ɗaya. Na daman ya fara.

Ta sunkuya.

Sanyi ta fara ji, sannan gishiri, gishirin da ita ta dama da hannunta. Bayansa tsatsa da ruɓa. Ɓawon ya ɓare a kan harshenta, wani abu ya fashe a hankali.

Amai ya taso mata. Ta juya za ta tofar.

"Kul. In kin tofar ƙasa zai koma. Ƙasa kuwa ɗakina ne."

Ta haɗiye.

A waje babura na wucewa. Mai wagashi na dariya da wani.

Ta sake lasa. Gashin ido ya maƙale mata a haƙori.

Ta haɗiye.

Ladanin masallacin lungu ya ɗaga murya daidai lokacin da ta gama ido na biyu. Haske ya dawo mata a ido biyu lokaci guda, kuma da ma bai dawo ba, don abin da ta fara gani shi ne idanun da ta wanke. Farare ne fat, babu baƙi a tsakiya, kuma suna kallonta.

Matar ta shafa kumatunta, inda sauran dattin ke nan daram.

"Hannunki da kyau," ta ce. "Amma ina jin abin da kike gaya wa matan nan. Zama ɗaya ba ya fidda shi. Sai an dawo bayan mako shida, ko?"

Bashiratu ta banke ƙofa ta faɗa lungu da rarrafe. Tela Abdul-Rauf ya yar da butarsa ya yo kanta yana salati. Da ya leƙa shagon bai ga kowa ba, sai kujera a jiƙe. Ya fito yana kakarin amai.

Ba ta sake buɗe shagon ba. Ta koma gidan yayarta Abibata a Kasalgu, ta ce jiki ne ba daɗi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sa magini ya liƙe tsagar rijiyar. Idanunta garau, har zare takan zura wa yayarta a allura. Sai dai komai ta sa a baki, ko kunu ne ko tuwon zafi da miyar ayoyo, ɗanɗanon nan ne ke fara zuwa. Ta rame. Ta daina cin abinci a kwano ɗaya da kowa.

Ranar da mako shida ya cika, tana zaune a tsakar gida bayan la'asar, gefen idonta na hagu ya yi duhu. Ta tashi ta ɗauki mayafi da ƙaramar gudumar fasa sumunti.

"Ina za ki, rana na faɗuwa?" in ji Abibata. "Ko abincin rana ba ki taɓa ba."

"Da gangan ne, Yaya. Ya fi sauƙi in ba komai a ciki."

Ta fita titi ta tsayar da mai keke, ta ce ya kai ta Aboabo.