Kwas ɗin da Ya Hana Ta Ɗauka

"Kowa ka ce ya ɗauka. Ni kaɗai ka hana. Me ya sa?"

A barandar sashen Tarihi Auta ta tare shi, inda ɗalibai ke cunkoso gaban allon sanarwa, idanunta sun kaɗa sun yi jajir. Dogo ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Zinariyata, ba a nan ba..."

"A nan nake so."

A sashen nasu ba wanda ke zaɓen kwas da littafin jagora. Na gaba ake tambaya, don wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Su ne suka san malamin da ke da rowar maki, da wanda ke barci a kan takardun jarrabawa. Dogo kuwa, ɗan ajin ƙarshe, shi ne uban masu ba da shawara. Duk wanda ya zo masa sai ya ce ya ɗauki Tarihin Baka, kwas ɗin da ake zuwa a zauna gaban tsofaffi a naɗi labarinsu. Amma da Auta ta tambaye shi, ita da suka yi alkawarin aure idan ya gama, sai ya ce ta ɗauki Tarihin Kasuwanci, wanda kowa ya san ko malaminsa hamma yake yi a aji.

"Ki yarda da ni kawai," ya ce. "Don Allah."

Ta juya ta tafi.

Baturiya ce ta same ta a ɗakin karatu tana share hawaye. Ajinsu ɗaya, kuma 'yar ƙanwar baban Dogo ce, mai fara'a kamar gonar auduga. Abin da Auta ba ta sani ba, tun suna yara Baturiya ta sa Dogo a ranta. Ta dafa kafaɗarta, ta ce ita dai ba ta son shiga tsakani, amma namiji ba ya hana ki shiga ɗaki sai in akwai abin da ya ajiye a ciki. Wata kyakkyawa ce ke taimaka wa Farfesa a kwas ɗin, bara kuma da Dogo ya ɗauki kwas ɗin kullum tare ake ganinsu.

Kishi kumallon mata. Kafin a rufe rajista Auta ta sa sunanta a Tarihin Baka.

Da Dogo ya ji, bai yi faɗa ba. Ya dai zauna a kan dakali ya dafe kai. Ya roƙe ta abu ɗaya, ta zaɓi batun da ya yi nesa da gida. Ta ce to, a ranta kuwa ta ce ai ka gama ba ni shawara.

Kyakkyawar da aka faɗa ta tarar da ita matar aure ce da tsohon ciki, har kunya ta kama Auta. Kwas ɗin kuma ya shiga ranta. Farfesa tsohuwa ce mai kaifin harshe, dokokinta biyu ne: ba a karɓar labari daga baki ɗaya, kuma ba a ɗaukar maganar mutum alhali an ɓoye masa ko wane ne mai ɗaukar.

Baturiya ce dai ta sake kawo shawara. Me zai hana ta yi a kan yajin aikin masaƙa na shekarun baya? Ai babanta a can ya yi aiki.

Baban Auta ya ji daɗi ƙwarai. Ya gyara zama a falo, ya ba ta labarin yadda yake shugaban sashen saƙa, har ma'aikata ke kiransa Mai-Usur. Ya ce 'yan tada zaune tsaye ne suka so kashe kamfani, shi ya taimaka aka gane jagororinsu aka sallame su, ɗaruruwan mutane suka tsira da abincinsu. Auta ta naɗa tana alfahari.

Saura baki na biyu.

"Ai Kawu, baban Dogo, yana cikin masu yajin," in ji Baturiya. "Ki je mana. Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga aiki ga gaida suruki."

Dogo ya bi 'yan ajinsu ziyarar gidan adana kayan tarihi a wani gari. Auta ta ce bari ta ba shi mamaki.

Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu, da keken ɗinki a bakin ƙofa. Tsohon ya tarbe ta da murna, don ɗansa ya sha ba shi labarinta, sai dai bai taɓa faɗa masa 'yar gidan wa ce ba. Ya shimfiɗa mata tabarma, ta ajiye wayarta a tsakaninsu ta kunna.

A hankali yake magana. Ya ce ƙurar auduga ce ke cinye ƙirjin mutane, abin rufe hanci kawai suka nema. Da aka kore su, aka ba su 'yan kwanaki su bar gidajen kamfani, aka karɓe katin asibiti. Matarsa na da ciki a lokacin. Ya je har ofis ya durƙusa, ya roƙi a bar mata katin sai ta sauka, aka ce doka doka ce. A wani ɗakin haya ta yi naƙuda, ita da abin cikin ba wanda ya tashi. Dogo yana ɗan yaye.

"Wa kuka roƙa, Baba?" ta tambaya.

"Wanda ya ba da sunayenmu. Mai-Usur muke ce masa."

Auta ta dubi wayar da ke tsakaninsu. Za ta iya kashe wayar ta yi godiya ta tafi, ba wanda zai sani. Amma ta dubi hannayen tsohon a kan gwiwoyinsa, ta kasa.

"Baba... ni 'yarsa ce."

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Ɗana ya sani?"

Sai a lokacin komai ya faɗo mata. Bara Dogo ya zauna a kan wannan tabarmar, ya naɗi wannan labarin, ya ji wannan sunan. Ya haɗiye shi kaɗai, ya ci gaba da kiranta Zinariya. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ke ba ki yi mini komai ba, 'yata," in ji tsohon. "Ba zan hana ku ba. Amma kafin na zauna da shi a matsayin suruki, ya zo nan sau ɗaya ya ce ya yi kuskure. Shi ke nan abin da nake nema."

Da Dogo ya dawo ya ji, bai ce da kin ji maganata ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ya ce shi ya so ne su yi aure tukuna, in ya so gaskiya ta fito lokacin da ba mai iya raba su. Ya ce zai jira, kalma ɗaya ce ai, ba za ta gagara ba.

Ta gagara.

Baban Auta ya ce shi aikinsa ya yi, ba zai durƙusa wa tela ba. Ta roƙe shi ya saurari muryar tsohon ko na minti ɗaya ne, ya tashi ya bar mata falon. Ya ce kada yaron ya ƙara taka masa ƙofar gida. Mamanta ta sa baki, yayunta suka sa baki, kamar ana zuba ruwa a kwando. Auta ta rame, ta daina shiga mutane. Baturiya kuwa kullum tana gidan Kawu, tana shara tana wanki.

Dogo ya gama karatu yana jira. Tsohon ma yana jira, duk sanda aka yi sallama a ƙofa sai ya gyara hula. Amma ƙurar da ya shaƙa a masaƙa ba ta manta da shi ba, tari ya kwantar da shi.

Ranar da aka kai shi asibiti Auta ta shiga ɗakin babanta ba sallama, ta kunna wayar ta ajiye a kan gado, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Wannan karon ya saurara har ƙarshe. Da aka zo wurin naƙudar sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Ban san ta rasu ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Gobe ki raka ni."

Da safe suna shirin fita aka kira ta a waya. Ziyarar ta koma ta'aziyya.

A ƙofar gidan, gaban mutane, Mai-Usur ya durƙusa gaban Dogo ya faɗi kalmar da aka daɗe ana jira. Dogo ya ɗaga shi da hannu biyu, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai dubi inda Auta take ba.

Sai da mutane suka ragu ya same ta a bakin lungu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Jiya ma sai da ya tambaye ni ko kun zo," ya ce.

Ta sunkuyar da kai.

"Na gwada, Auta. Tun safe nake gwadawa. Ba laifinki ba ne, amma ba zan iya ba."

"Dogo, ka ba ni lokaci... ka ba mu lokaci..."

Ya girgiza kai a hankali.

"Abu ɗaya nake roƙonki. Wadda na naɗa bara ta ɓata da tsohuwar wayata. Ki turo min muryar Baba."

A tsaye a wurin ta tura masa. Ya ji shigar saƙon, ya ce ya gode, ya koma cikin masu zaman makoki. Ta tsaya ko zai waiwayo, har babanta ya zo ya kama hannunta suka tafi.