Taho Ka Kaɗa Ta In Ji

A wani gari an yi wani tsohon makaɗi da yatsunsa suka sandare. Da cefane ya gagara, dole ya sa hoton jitarsa mai tsada a intanet don sayarwa.

Wani ya bugo waya: "Baba, na turo kuɗi, aiko ta a mota!"

Tsoho ya duba asusunsa, ko sisi babu. "Kai, tafi can! Taho ka kaɗa ta in ji." Bai ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Wani ya ninka farashi. "Taho ka kaɗa ta in ji." Shi ma ya ɓace.

Rannan wata budurwa ta zo da ƙafarta, ta kaɗa. Tsoho ya lumshe ido, yatsunsa na motsi bisa gwiwarsa.

"Baba, nawa zan biya?"

"Za mu yi ciniki, 'yata. Sake kaɗawa tukuna."